Medayin Babana a Gidan Mai Farmasi

Babana yana da lambar yabo guda ɗaya, wadda mu a Zongo muke kira medayi. Na tagulla ne, faɗinsa ya cika tafin hannu, kuma yana da nauyi fiye da yadda ido yake zato. A gefe ɗaya akwai wata mace tsaye riƙe da reshen itace, ƙafarta a kan wani ƙarfe mai haƙora. A ɗaya gefen rubutun Faransanci ne da sunan Baba, wanda Baturen da ya sassaƙa ya rubuta ba daidai ba.

Tun zamanin Nasara aka ba shi. Lokacin yana saurayi, yana aiki a garejin jirgin ƙasa. Kakata sana'ar man kaɗe take yi, fasa ƙwara da dutse ya lalata mata yatsu, shi ne Baba ya tattara sarƙar keke da guntayen ƙarafan da aka zubar ya haɗa mata inji wanda ake tuƙawa da ƙafa. Shugabansa a wurin aiki ya gani, aka ɗauki injin aka kai wani baje koli, aka kira Baba gaban gwamna aka miƙa masa medayin. Injin bai dawo gida ba, kakata ta koma ga dutsenta.

Ni ce autarsa. Bayan mijina ya rasu na dawo gida na zauna da shi, ina zuwa aikina na sakatariya a wata lakwal, wato makarantar boko, da safe, da yamma in kula da shi. A lokacin ya tsufa ƙwarai. Abokansa duk sun riga shi, mahaifiyarmu ma haka. Jikokinsa in sun zo gaishe shi sukan durƙusa, su ce ina wuni, sannan su koma gefe suna hira da Faransanci da Mosanci, kowa idonsa a kan waya. Labarin injin kuwa mun ji shi har mun gaji. Da ya fara sai wani ya tuna yana da aike. Shi ma ya gane, ya daina. Ranar Salla kawai yake fito da medayin, ya goge shi da bakin riga, ya sa a aljihun gaba.

A wata Sallar Layya ɗan yayata ya ɗauki hotonsa riƙe da medayin ya sa a waya, hoton ya zaga. Ba a yi mako ba wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu.

Mutumin da ya fito ɗan Zongo ne. Mahaifinsa direban babbar mota ne da ya zo daga Nijar, kowa ya san gidansu. Shi kuwa ya yi karatu a Faransa, ya dawo ya buɗe farmasi a unguwar Wemtenga, ya gina gida a Ouaga 2000, unguwar masu kuɗi. Mai Farmasi ake ce masa, wasu su ce Dokta. Na girme shi kaɗan. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa gaban Baba har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ga shi da farar shadda.

"Baba, ni ɗanka ne. Na ga abin da Allah ya ba ka, na kasa zama."

Ya juyo gare ni ya ce, "Yaya, ina gajiya?"

Baba ya aike ni na ɗauko medayin. Mai Farmasi bai karɓa da hannu ba, sai da ya shimfiɗa farin ƙyalle. Ya ciro wani ɗan gilashi ya maƙala a ido, ya daɗe yana duban bakin medayin. Ya nuna mana wani ɗan tambari a gefen da ba mu taɓa lura da shi ba, ya ce alamar gidan da aka ƙera shi ne a Faransa. Ya ce irin wannan kaɗan aka buga, kuma bai taɓa jin an ba baƙar fata ba.

Daga nan ya ba mu labarin kansa. Tun yana ɗalibi yake tara medayoyi, amma ba kowane iri ba. Na soja ba ya so, ya ce ko wawa in ya tsaya inda ake harbi za a rataya masa. Na ƙwallo da na gudu bai ɗauke su komai ba. Nasa na masu ƙirƙira ne kawai, tsofaffi, waɗanda aka ba mutanen da suka fito da wani abu da babu shi a da. Ya buɗe waya yana nuna wa Baba. Wannan an ba wanda ya gyara fitilar masu haƙar gawayi. Wannan na azurfa an ba wani mai agogo. Wannan an ba wata mata da ta gano yadda za a hana madara lalacewa. Ya san kowanne, ya san garin mai shi da yadda ya mutu. Gaskiya ya iya magana. Ni kaina na bar tukunya a wuta na tsaya ina ji.

Sai ya ajiye wayar ya ce, "To Baba, sarƙar nan ta keke, yaya ka yi ta juya dutsen?"

Baba ya dube shi kamar bai ji daidai ba. Sannan ya sa aka miƙo masa sandarsa, ya fara zana injin a ƙasan tsakar gida.

Tun daga ranar, kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Mai Farmasi. Yakan zo da goro fari, da maganin hawan jinin Baba, ya ce kada in ƙara zuwa saye. Ya zauna a tabarma ya sha zom-kom, ruwan garin gero, a kofin roba kamar kowa. Ya tambayi Baba yadda garejin yake, da irin kayan aikinsu, da abin da gwamna ya ce. Baba yana da wata jimla ta Faransanci da ya haddace ya faɗa ranar da aka ba shi medayin, ta godiya ce, doguwa. Mai Farmasi yakan sa ya maimaita, ya tafa masa.

Baba ya canza. Ya koma cin abinci sosai. Tun ranar Alhamis yake tambayata ko na goge masa riga. Ya sa a kira wanzami ya gyara masa gemu. Wata rana na same shi yana dariya shi kaɗai, ya ce ya tuna wani abu ne da zai gaya wa ɗansa. Yayyena maza suna nan da ransu, amma in Baba ya ce ɗana, kowa ya san wa yake nufi.

Mai Farmasi bai taɓa cewa a ba shi medayin ba. Abin da yake yi, in ya riƙe shi a ƙyallensa sai ya yi ajiyar zuciya.

"Abin da ke damuna, Baba, yaran yanzu. Na san wani tsoho a unguwar Ouidi, yana rufe ido jikokinsa suka kai nasa wurin masu tsofaffin ƙarafa, aka narke shi aka yi awarwaro."

Wani makon kuma ya ce, "Gumin hannu yana cin tagulla. Ka ga nan ya fara kore. A wurina suna cikin gilashi, ga sanyi, ba ƙura."

Ranar da Baba ya ce mini ya yanke shawara zai ba Mai Farmasi medayin, ina tankaɗe gari ne. Na ce, "Baba, ka bari tukuna. Mutumin nan ba mu daɗe da saninsa ba."

Ya ce, "Auta, ke da 'yan'uwanki, wa ya taɓa tambayata yadda injin yake aiki?"

Na ci gaba da tankaɗe.

Juma'ar da ta biyo ya miƙa masa a gaban liman da maƙwabta biyu da ya gayyato. Ya ce kyauta ce, daga uba zuwa ɗa. Mai Farmasi ya ƙi karɓa, aka lallashe shi, ya karɓa yana share ido. Ya yi alkawari za a rubuta sunan Baba daidai a ƙarƙashinsa, kuma duk ranar da Baba yake son ganinsa mota za ta zo ta ɗauke shi.

Juma'a ta zagayo bai zo ba. Baba ya zauna a zaure da gogaggiyar riga har aka kira la'asar. Ya ce wataƙila aiki ne. Ta gaba ma haka. Na kira wayarsa tana ta ƙara ba a ɗauka. Baba ya ce in daina damunsa, mai kula da marasa lafiya ba shi da lokacin kansa. Duk da haka duk motar da ta shigo layinmu sai ya ɗaga kai.

Da maganin ya ƙare na hau moto, wato babur, na tafi farmasin a Wemtenga. Mai Farmasi yana bayan kanta yana magana da wata ma'aikaciyarsa. Na yi sallama, ya ɗago.

"Madam, me ake so?"

Na ce Baba ne yake ta tambayarsa, kuma maganinsa ya ƙare.

"A gaishe shi. Ki ba yarinyar can takardar likita, za ta duba miki."

Ya shige ciki. Na sayi maganin na dawo. Na ce wa Baba yana gaishe shi, domin ya faɗa ɗin.

An daɗe, har Baba ya daina sa a goge riga, sai ga direbansa da saƙo. Ranar Lahadi da yamma akwai baƙi daga Turai, masu tara irin waɗannan kaya, kuma Dokta yana son Baba ya zo a karrama shi. Baba ya kama hannuna ya ce, "Ba na gaya miki ba?" Ya sa aka fito da babbar rigarsa ta Salla. Tun azahar ya shirya, ya ƙi cin abinci don kada ya ɓata ta.

Gidan yana da gardi da karnuka. Aka shigar da mu wani falo mai sanyi har cikin ƙashi. Bango guda gilashi ne daga sama har ƙasa, ciki an shimfiɗa jan ƙyalle, medayoyi jere, kowanne da 'yar fitilarsa. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, ba zan ɓoye ba. Akwai Turawa maza biyu da mace ɗaya, da wasu manyan gari da matansu, kowa riƙe da kofi.

Ba a kai Baba wurin kujerun baƙi ba. An ajiye wata kujera ita kaɗai a jikin gilashin, daidai inda medayinsa yake, nan aka zaunar da shi. Ni aka nuna mini wani benci kusa da ƙofa. Na leƙa ƙarƙashin medayin. Babu sunan Baba, daidai ko ba daidai ba.

Mai Farmasi ya tafa hannu, ya yi magana da Faransanci. Baba yana jin kaɗan-kaɗan, ni kuwa ina jin duka.

"Ga abin da na ce muku. Kowa a nan yana da medayi, amma wa yake da mai medayin? Ku duba da kyau, ba zai daɗe ba. Tagullar ta fi shi jure wa zamani."

Aka yi dariya. Baba ya ga ana dariya, shi ma ya yi murmushi ya ɗaga hannu yana gaishe su.

Ɗaya daga cikin Turawan, wani dogo mai furfura, ya matso da waya yana ɗaukar bidiyo. Ya sa aka tambayi Baba sunansa, da inda ya yi aiki, da wanda ya miƙa masa medayin. Baba ya amsa, muryarsa tana rawa saboda sanyi. Baturen ya ce sunan da ya faɗa bai yi daidai da na jikin medayin ba. Mai Farmasi ya ce, "A lokacin ba a damu da yadda ake rubuta sunayensu ba. Shi ma bai iya karantawa ba, sai da aka gaya masa." Wannan ƙarya ce. Baba ya iya karatu, shi ya koya mini baƙaƙen Faransanci kafin in shiga lakwal.

Sannan ya juya da Hausa. "Tsoho, faɗa musu abin nan naka na gwamna."

Ban taɓa jin ya ce masa tsoho ba sai ranar.

Baba ya dafa sanda ya miƙe. Ya gyara riga, ya fara jimlarsa ta godiya. Ya kai tsakiya sai ta ɓace masa. Ya koma farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Wata mata ta rufe baki da hannu. Mai Farmasi ya ƙarasa masa jimlar yana kwaikwayon muryarsa da yadda yake lanƙwasa kalmomin, har da rawar kai. Falon ya ɗauka da dariya. Baturiyar ce kawai ta sunkuyar da kai tana duban kofinta.

Na tashi na nufi Baba. Kafin in kai, an buɗe gilashin, Mai Farmasi ya sa farin safar hannu ya ciro medayin zai miƙa wa dogon Baturen. Baba ya ga abinsa a kusa, ya miƙa hannu. Ba karɓewa zai yi ba, na san shi, so yake ya shafa kawai.

Mai Farmasi ya buge masa hannu. Ƙarar ta fito sarai, kamar yadda ake buge hannun yaro a bakin kwano.

"Kada ka taɓa! Ka san wahalar da na sha kafin in cire dattin da ka bari a jiki?"

Baba ya dubi bayan hannunsa, ya dubi mutumin. Ya ce a hankali, "Ɗana, ni ne fa."

"Na san kai ne. Zauna."

Na kama Baba na ce mu tafi. Ba wanda ya hana mu. Muna fita na ji hira ta ci gaba a bayanmu. Direban ya ce ba a ba shi izinin mayar da mu ba sai baƙi sun watse, kuma a unguwar taksi ba ya wucewa. Muka taka har babban titi, Baba yana tsayawa yana hutawa a jikin katangun mutane, babbar rigar tana jan ƙasa. Gardin wani gida ya ba shi kujera da ruwa. A babban titin muka sami taksi zuwa Zongo.

Washegari na koma farmasin. Na ce ya dawo mana da medayin. Wannan karon ya shigar da ni ofishinsa, ya ma ba ni kujera.

"Madam, kyauta ce, a gaban liman. Ko kin manta?"

Na ce ban manta ba, amma ya ji tsoron Allah.

Ya ce ko yana so ma ba zai iya ba, medayin ya bi jirgi da safe. Dogon Baturen nan yana da wani na azurfa da aka ba wani mai gilashin duban taurari, shekara da shekaru Mai Farmasi yana roƙonsa ya ƙi. Da Baturen ya ga hoton medayin Baba sai ya yarda su yi musaya, amma ya ce bai amince na gaske ba ne sai ya ga mutumin da idonsa, ya ji daga bakinsa.

"Shi ya sa na sa aka kawo shi. Ya yi ƙoƙari kuwa."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da wani ɗan akwati ya buɗe mini. Na azurfan ne a ciki. Fuskarsa ta cika da murna ta gaskiya, irin wadda na gani ranar da ya fara zuwa gidanmu. Ya fara ba ni labarin mai gilashin taurarin, garinsu da yadda ya makance a ƙarshe. Na tashi yana cikin magana.

Na je wurin liman. Ya ce abin bai yi daɗi ba, amma kyauta ta riga ta fita hannu, kuma Dokta shi ya sa wa masallaci fanka. Yayyena suka ce in bar maganar, mutumin yana da manya, kuma dama wani ƙarfe ne da ba ya ci ba ya sha. Babban yayanmu har ya ce laifin Baba ne da ya ɗauki bare ya fifita a kan 'ya'yansa.

Baba bai sake ambaton mutumin ba. Abinci ya koma sai na matsa masa. Ya daina zama a zaure, ya koma ɗaki. Wata rana ina shafa masa mai a ƙafa ya ce, "Auta, yana nan cikin gilashin?"

Na yi niyyar in ce e. Amma ya dube ni, sai na gaya masa gaskiya, har da dalilin da ya sa aka kai shi gidan.

Can ya ce, "Ashe shaida na je bayarwa." Ya juya ya fuskanci bango, ya ce in ja masa mayafi.

Ya rasu da damina, ranar wata Talata da hantsi, ina wurin aiki.

Ranar addu'ar uku sai ga baƙar motar. Mai Farmasi ya shigo da buhun shinkafa da katan na ruwa, yaransa suna saukewa a gaban jama'a. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a sahun gaba kusa da liman. Da aka gama addu'a ya nemi izini ya yi magana. Ya ce Zongo ta yi rashin mutumin da ba ta san darajarsa ba. Ya ba da labarin injin tun daga yatsun kakata har zuwa gaban gwamna, bai bar komai ba, ya ma fi Baba iya faɗa. Ya ce yau sunan marigayi yana Turai, masana suna dubawa, kuma yana gode wa Allah da ya sa ta hannunsa aka yi. Muryarsa ta karye a ƙarshe. Maza suna gyaɗa kai, mata a cikin gida suna kuka. Jikokin Baba suka ajiye waya suna saurare, wasunsu ranar suka fara jin labarin har ƙarshe.

Gwaggona, ƙanwar Baba, ta kira ni kicin. Ta zaɓi tsokoki masu kyau ta cika kwano, ta ce in kai wa Dokta da hannuna, domin abin da ya yi wa ɗan'uwanta ko ɗan cikinsa bai yi ba. Na ce a ba wani ya kai. Ta ce ba ta son rashin kunya a gidan makoki.

Na kai. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Sannu Yaya, Allah ya ba mu haƙuri." Ya cinye tas, ya nemi ƙarin yaji.